Su Wane Ne Barth? Sunan Da Ya Ratsa Gonakin Bichi A 1851

Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Katsina a tsakiyar hunturu, da zarar ya wuce Dawanau ya doshi Bichi, zai lura cewa ya shiga ƙasar da ba ta da daji. Gona ce ke bin gona har iyakar ganin ido. An girbe gero da dawa an kai rumbu, an tattara kara an jingine, shanu da awaki suna kalen abin da ya rage. Kuka da ɗorawa da tsamiya da gawo suna tsaye a tsakiyar gonakin, kowace bishiya da mai ita, kuma da wuya mutum ya yi tafiyar mil guda bai ga gida ko rijiya ba.

Ta cikin wannan ƙasa ce wani Bature Bajamushe ya ratsa a farkon watan Fabrairu na shekarar 1851, yana tafe daga Katsina, saura mako biyu ya cika shekara 30 da haihuwa. Mutanen da ya tarar a bakin hanya ba su san shi da wani suna ba sai Abdulkarim. Sunansa na yanka kuwa Heinrich, sunan gidansu Barth. A yau da wuya a buɗe littafin tarihin Kano, na sakandare ko na jami'a, ba a ci karo da wannan suna ba. To, amma ɗalibin da ya shiga laburare, ko ya nemi sunan a intanet, zai tarar ba mutum ɗaya ne ke amsa shi ba. Akwai Barth malamin addinin Kirista wanda ya ƙi yi wa Hitler rantsuwar biyayya, akwai Barth masanin zaman al'umma wanda ya zauna da makiyaya a Farisa da manoma a Darfur, akwai kuma Barth marubucin ƙagaggun labarai a Amurka. Har ma akwai wani Heinrich Barth na biyu wanda ba shi da wata alaƙa da ƙasar Hausa. Gidaje ne dabam-dabam a ƙasashe huɗu, suna ne kawai ya haɗa su.

Asalin sunan

Jamusawa ba sa furta harafin ƙarshe na wannan suna, "Bart" suke cewa. Kalmar kuwa a harshensu ma'anarta gemu. Masana asalin sunaye sun ce a wasu gidajen laƙabi ne da aka yi wa wani kaka mai yalwar gemu, a wasu kuma gajarta sunan Bartholomäus aka yi, kamar yadda Hausawa ke mai da Abubakar ya zama Bukar ko Habu. Ashe ke nan, in da a ƙasar Hausa ne, da yawa daga cikinsu Maigemu za a kira kakansu.

Haka akasarin sunayen gida na Jamusawa suka samo asali. Tun daga wajen ƙarni na 12, sa'ad da birane suka fara cika, aka sami Hans goma a unguwa ɗaya, sai ya zama tilas a bambanta su da sana'a ko gari ko wata kama ta jiki. Schmidt shi ne maƙeri, Weber masaƙi, Schneider tela, Fischer masunci, Bauer manomi, Müller kuwa, wanda ya fi kowane suna yawa a Jamus, mai niƙa ne. Wannan bai bambanta da Audu Maƙeri ko Garba Dogo ko Sani Maishanu ba. Inda hanya ta rabu shi ne, a can laƙabin ya bi ɗa ya bi jika, aka rubuta shi a littafin coci da na haraji, har ya kafe. Jikan Schmidt ko bai taɓa riƙe guduma ba, Schmidt ne shi da 'ya'yansa. Daga shekarar 1876 gwamnati ce da kanta ta karɓi aikin rajistar haihuwa da aure da mutuwa a duk faɗin Jamus.

Abdulkarim a ƙasar Kano

An haifi Heinrich Barth a birnin Hamburg ran 16 ga Fabrairu, 1821. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne wanda ya tashi a talauci ya yi arziki da guminsa. Yaron ya yi karatu a Jami'ar Berlin, ya sami digirin digirgir a 1844 da bincike a kan cinikin tsohon birnin Korinti na ƙasar Girka. Wannan ya kamata a riƙe shi, domin mutumin da ya iso kasuwar Kurmi bayan shekara bakwai ya riga ya saba da tambayar abin da gari ke saye da abin da yake sayarwa. Ya kuma koyi Larabci, ya zaga ƙasashen Arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya daga 1845 zuwa 1847.

Gwamnatin Ingila ce ta ɗauki nauyin tafiyar da ta kawo shi nan. Shugaban tafiyar Ba'ingile ne, James Richardson, na ukunsu kuma wani Bajamushe masanin duwatsu, Adolf Overweg. Manufar ita ce a ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakunan ƙasar Sudan, a kuma binciki yadda fataucin bayi yake. Sun bar Tarabulus cikin Maris 1850, suka ƙetare Sahara ta Murzuk da Gat da Azbin. Barth ya ratse shi kaɗai ya ziyarci Agadas cikin Oktoba. A kan hanyar ce, a cikin ayari, ya fara koyon Hausa. Cikin Janairu 1851 suka rabu a Damargu bisa alkawarin za su haɗu a Kukawa. Richardson bai kai ba, ya rasu a hanya cikin Maris. Overweg ma ya rasu a bakin Tafkin Chadi cikin Satumba 1852. Barth kaɗai ya koma gida.

Daga Damargu ya biyo ta Tasawa da Gazawa ya shiga Katsina, inda Sarki Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki a kan maganar gaisuwa. Da ya sami sallama sai ya yi kudu ta Kusada da Bichi, ya shiga birnin Kano da yammacin 2 ga Fabrairu, ya sauka a unguwar Dala. Sarkin Kano a lokacin shi ne Usman ɗan Dabo, ɗan'uwansa Abdullahi kuma, wanda daga baya ya hau gadon, yana Galadima.

Bai shigo da wata alfarma ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi, ga bashi ya yi masa katutu. Shi da kansa ya lissafa abin da ake binsa, wuri 112,300, alhali kuwa hajar da ya dogara da ita ba ta da kasuwa. Duk da haka, cikin mako biyar da ya yi a birnin ya zana taswirarsa, ya rubuta sunayen unguwanni da ƙofofi, ya bi kasuwa yana tambayar farashi. Ya ƙiyasta mazauna birnin 30,000 ne, amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da fatake ke sauka, sukan kai 60,000. Ya ce tufafin da ake saƙawa a rina a Kano, watau riguna da turkuɗi da zannuwa da rawuna, abin da ake fitarwa a shekara bai gaza na wuri miliyan 300 ba, kuma suna kaiwa Murzuk da Gat da Tarabulus, suna kaiwa Tambutu har bakin Tekun Atlantika. Domin mai karatu ya gane nauyin wannan kuɗi, a lissafin Barth wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi magidanci da iyalinsa ci da sutura na shekara guda.

Abin da ya gani a karkara

Littattafan makaranta sun fi son kawo waɗannan alkaluma na cikin birni. Amma ga mutumin Bichi ko Gezawa, abin da Barth ya rubuta game da karkara ya fi kusa da gida. Tun daga kudancin Katsina ya fara yabon ƙasar: gonakin dawa da na auduga, manyan itatuwa a tsakiyar gonaki, garken shanu, ƙauyuka kusa da juna, da mata a bakin hanya suna sayar wa matafiya abinci. A Bichi ya ambaci Buzaye da suka zauna suna noma. Da zai tafi Barno a farkon Maris ya fita ta gabas maso arewa, ya bi ta Gezawa da Gabasawa har Gumel, nan ma ya rubuta abin da ya gani. Hukuncin da ya yanke shi ne ƙasar Kano tana cikin wuraren da suka fi albarka a duniya, tana ci da kanta da hatsinta, tana kuma fitarwa. Ya ƙara da cewa sana'ar saƙa a nan a cikin gidaje ake yinta, magidanci yana tare da iyalinsa, saɓanin manyan masana'antun Turai na zamaninsa waɗanda ke raba mutum da gidansa.

Bai ɓoye ɗaya gefen ba. Ya ƙiyasta cewa bayi a ƙasar Kano sun yi kusan daidai da 'ya'ya a yawa, kuma ana fitar da wajen 5,000 a shekara. Wanda zai yi alfahari da alkaluman turkuɗi, wajibi ne ya karanta wannan shafi ma, domin gumin bayi yana cikin wannan arziki.

Muhimmancin wannan shaida ya fito fili bayan shekara fiye da ɗari. Cikin shekarun 1960 Michael Mortimore, malamin labarin ƙasa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya auna gonaki ya ƙirga gidaje da itatuwa a karkarar da ke kewaye da birnin Kano. Ya nuna cewa manoman wurin suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da barinta ta huta ba, amma ba ta mutu ba, saboda takin dabbobi da toka da sharar birni da jakuna ke kaiwa a mangala, su komo da itacen wuta. Ya nuna kuma manomi yana kiwon bishiya kamar yadda yake kiwon akuya. Littafin Barth shi ne ya tabbatar cewa wannan tsari ya girmi Turawan mulki, ya girmi jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911, ya girmi cinikin gyaɗa. Malamin gona ko jami'in filaye da ke kallon manomin Minjibir a matsayin wanda bai san komai ba sai an koya masa, zai amfana in ya san cewa gonar da yake tsaye a kai an daɗe ana ci daga gare ta, kuma ba da sa'a kawai ba.

Sauran tafiyar Barth ta fi ƙarfin shafi ɗaya. Ya kai Kukawa, ya ƙetare Binuwai cikin Yuni 1851 ya shiga Yola. A 1853 ya gana da Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya zauna Wurno da Sakkwato, ya karanta littattafan Muhammadu Bello da Abdullahi ɗan Fodiyo. A Gwandu ya sami kwafin Tarikh al-Sudan ya kwafi abin da ya iya, ko da yake ya yi kuskuren jingina littafin ga Ahmad Baba, alhali na Abdurrahman al-Sa'di ne. Ya shiga Tambutu cikin Satumba 1853, inda Shehu Ahmad al-Bakka'i ya kare ransa har wata bakwai da ɗoriya. Ya sake sauka Kano cikin Oktoba 1854, a lokacin an riga an baza labarin mutuwarsa a Turai. Ya isa Landan cikin Satumba 1855, bayan tafiyar fiye da mil 10,000.

Littafinsa ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, da Ingilishi da Jamusanci. Bai sami kasuwa ba, domin mutanen Ingila sun fi son labarin zaki da kada, shi kuwa ya cika shafuffuka da jerin sarakuna, da kalmomin harsuna, da farashin gishiri da goro. Abin da ya hana littafin sayuwa a wancan zamani shi ne ya sa masana tarihi ba su rabu da shi ba har yau. Ya bambanta da yawancin Turawan zamaninsa da yake ya ɗauki mutanen da ya tarar masu tarihi ne da malamai da rubutu. Sai dai wannan ba zai sa a manta cewa gwamnatin da ta aiko shi tana da bukatarta ba. Sojojin Ingila sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu, 1903, shekara 52 da kwana ɗaya bayan shigarsa birnin, kuma jami'an mulkin mallaka sun karanta shi sun amfana. Shi dai bai ga wannan ba. Ya rasu a Berlin ran 25 ga Nuwamba, 1865, yana da shekara 44.

Ma'aikacin da ya ƙi rantsuwa

A Turai da Amurka, in an ce Barth ba a ƙara komai ba, galibi ba matafiyin ake nufi ba. Karl Barth ake nufi, mutumin Suwizalan, wanda aka haifa a Basel a 1886, ya rasu can a 1968. Fasto ne na ɗariƙar Furotesta. Ya yi shekara goma, daga 1911 zuwa 1921, a wani ƙaramin gari mai suna Safenwil, inda ya ɓata da masu masana'antu saboda goyon bayan leburori su kafa ƙungiya. Sharhin da ya rubuta a kan wani sashe na Linjila, wanda ya fito a 1919 ya sake fitowa a 1922, shi ya ɗaga sunansa, har jami'o'in Jamus suka ɗauke shi koyarwa, daga Göttingen zuwa Münster zuwa Bonn.

Labarinsa ya shafi duk wanda ke cin albashin gwamnati. A Jamus malamin jami'a ma'aikacin gwamnati ne. Hitler ya hau mulki a 1933, ya nemi ya sa coci a aljihunsa, kuma malaman addini da yawa suka bi. Cikin Mayu 1934 waɗanda suka ƙi suka taru a Barmen suka fitar da sanarwa, wadda Barth ne ya rubuta mafi yawanta, cewa babu shugaban siyasa da ke da iko a kan imaninsu. Cikin wannan shekara aka wajabta wa kowane ma'aikaci ya rantse zai yi biyayya ga Hitler shi kansa, a maimakon tsarin mulkin ƙasa. Barth ya ce zai rantse ne kawai in an yarda ya ƙara sharaɗin cewa biyayyarsa ba za ta wuce abin da addininsa ya halatta ba. Aka dakatar da shi cikin Nuwamba, aka sallame shi a 1935, ya koma Basel. Dubban 'yan'uwansa ma'aikata sun rantse ba su ce uffan ba. Shi kansa, da tsufa ya zo, ya yarda cewa ya yi sake da bai sa maganar zaluncin da ake yi wa Yahudawa a cikin sanarwar Barmen ba.

A gidan nan ne tarkon da ke kama ɗalibai yake. Ƙanen Karl sunansa Heinrich Barth, malamin falsafa ne a Jami'ar Basel, an haife shi a 1890, ya rasu a 1965, watau shekara ɗari cif bayan rasuwar takwaransa matafiyi. Wanda ya ga an rubuta "H. Barth" a katin laburare, sai ya duba shekara kafin ya ɗora wa mai falsafa tafiyar Tambutu.

Barth na Norwe da iyakar ƙabila

Na ukunsu, Fredrik Barth, shi ne wanda ɗaliban nazarin zamantakewa suka fi haɗuwa da shi. Ɗan ƙasar Norwe ne, ko da yake a Leipzig ta Jamus aka haife shi a 1928, mahaifinsa masanin duwatsu. Ya yi karatu a Chicago da Cambridge, ya kafa sashen nazarin al'ummomi a Jami'ar Bergen, ya rasu a 2016. Kamar takwaransa na ƙarni na 19, mutum ne mai zuwa ya zauna da mutane ya koyi harshensu. Ya zauna da Patanawan kwarin Swat a Pakistan, ya bi makiyayan Basseri a kudancin Farisa, ya yi bincike a Darfur da Oman da Bali da tsibirin New Guinea.

Littafin da ya shirya a 1969 a kan ƙabilu da iyakokinsu ya sauya yadda masana ke kallon ƙabila. Kafin nan ana ɗauka ƙabila tamkar ƙwarya ce cike da harshe ɗaya, al'ada ɗaya, jini ɗaya. Barth ya ce a dubi bakin ƙwaryar tukuna: wa mutane suke ɗauka nasu ne, wa suke ɗauka bare, kuma ta yaya mutum ke tsallakawa daga wannan gefe zuwa wancan, iyakar kuma tana nan ba ta gushe ba. A cikin littafin, abokin aikinsa Gunnar Haaland ya kawo misalin manoman Fur na Darfur, waɗanda in shanunsu suka yi yawa sukan bar gona su bi makiyayan Baggara, har a wayi gari 'ya'yansu sun zama Baggara.

Ɗalibin da ya fito daga arewacin Kano ba ya bukatar zuwa Darfur kafin ya gane wannan. Ya san Bafulatanin gida wanda ba ya jin Fulatanci ko kalma ɗaya amma yana nan Bafulatani, ya san Bamaguje wanda ya musulunta aka daina kiransa da wancan suna, ya san kuma Agalawa, fataken goro da suka samo asali daga Azbin, suka zauna a ƙasar Katsina da Kano suka zama Hausawa. Buzayen da Heinrich ya gani suna noma a Bichi a 1851 suna kan irin hanyar da Fredrik ya yi bayani a 1969.

Sauran masu sunan

John Barth, mutumin jihar Maryland ta Amurka, an haife shi a 1930, ya rasu a 2024. Marubucin ƙagaggun labarai ne kuma malami a Jami'ar Johns Hopkins. Abin da zai ja hankalin mai karatun Hausa game da shi shi ne ƙaunar da ya yi wa Dare Dubu da Ɗaya. A littafinsa Chimera, wanda ya ci babbar kyautar adabi ta Amurka a 1973, ya sake ba da labarin ta bakin Dunyazad, ƙanwar Shaharzad, wadda ke zaune a gefen gado tana saurare dare bayan dare. Akwai kuma Hermann von Barth, mai hawan duwatsun Alps, wanda shi ma Afirka ta ja shi ya rasu a Luanda ta Angola a 1876, da Theodor Barth ɗan majalisar Jamus mai adawa da Bismarck, da Jürgen Barth wanda ya ci tseren motoci na Le Mans a 1977. Roland Barthes kuwa, wanda malaman adabi ke yawan ambata, Bafaranshe ne, kuma sunansa dabam ne ko da yake furucin ya yi kama.

Namu sunayen

Bahaushe bai gaji sunan gida irin na Turawa ba. Yana da sunan yanka, yana da laƙabi ko sunan rana, in ana son ƙarin bayani a ce ɗan wane ne, ko mutumin gari kaza. Makarantar boko da aikin gwamnati su ne suka zo da gurbi na biyu a takarda wanda tilas a cike. Malamai suka riƙa bambanta yara da garuruwansu, shi ya sa aka sami Aminu Kano, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Shehu Shagari, da Isa Kaita, da Magaji Ɗambatta, da Abubakar Rimi. Mutum ɗari suna iya amsa Bichi ko Ɗambatta ba su haɗa kaka ba, kamar dai yadda Barth na Hamburg da Barth na Basel suke. A wasu gidajen kuma laƙabin ya kafe kamar yadda ya yi a Jamus. Alhasan Ɗantata, wanda ya fito daga zuriyar Agalawa ya rasu a 1955, ya sami laƙabinsa daga Tata, matar da ta rene shi, ga shi yau 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne suna amsa shi.

Da yake al'adar ba ta gama zama ba, wahalarta tana kan ɗalibai da ma'aikata. Takardar firamare ta ce Musa Garba, ta sakandare ta ce Musa Garba Bichi, katin ɗan ƙasa ya ce Garba Musa, ga kwamfuta kuwa waɗannan mutum uku ne. Sai ranar shiga jami'a, ko buɗe asusun banki, ko karɓar fansho, maganar ta tashi, a shiga neman takardar rantsuwa a kotu da sanarwa a jarida. Uban da zai sa ɗansa makaranta bana zai rage masa wannan wahala in ya tsai da suna ɗaya da tsari ɗaya tun daga rajistar farko.

Wannan sauyi yana da tsohon misali a cikin labarin Barth kansa. Da zai koma Turai a 1855 ya tafi da yara biyu waɗanda Overweg ya 'yanta, Dorugu Bahaushe daga ƙasar Damagaram, da Abbega Bamargi. A Ingila suka zauna wajen Fasto J. F. Schön, wani Bajamushen, wanda sunan gidansu ke nufin kyakkyawa. Daga bakin Dorugu ne Schön ya rubuta yawancin labaran da ya buga a Magana Hausa a 1885, ciki har da labarin rayuwar yaron da abin da ya gani a Landan. Da aka yi musu baftisma sai aka ba su sunayen Turawa a gaba, aka tura nasu na asali baya: James Henry Dorugu da Frederick Buxton Abbega. Sunan da uwa ke kiran ɗanta da shi ya koma sunan gida.

Abbega ya komo ya zama sarkin Lakwaja, jikansa Maimaina kuma ya zama Sarkin Askira a ƙasar Barno. Dorugu ya komo a 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar boko ta farko da gwamnati ta buɗe a Nasarawa, Kano, a 1909, ƙarƙashin Hanns Vischer. Shi ma Vischer mutumin Basel ne, garin su Karl Barth, kuma sunan gidansu tsohon rubutu ne na Fischer, watau masunci. Kanawa ba su wahalar da kansu da wannan suna ba, suka kira shi Ɗan Hausa, har yau kuma da wannan laƙabi ake kiran gidan da ya zauna. Dorugu ya rasu a Nasarawa a 1912.